Koyar da Turanci a Ƙaramar Sakandare: Tambayoyin da Malaman Katsina da Daura Suka Fi Yi

Tambayoyin nan daga bakin malaman Turanci na aji ɗaya zuwa aji uku na ƙaramar sakandare suka fito, irin waɗanda ake ta maimaitawa a ofishin malamai da wuraren bita, da wajen ɗaliban NCE da aka tura koyarwar gwaji. An ba da amsoshin ne bisa halin da makarantar gwamnati take ciki a Katsina da Daura da ƙauyukansu: aji a cike, littafi kaɗan, yaro kuma daga gida har kasuwa Hausa yake ji, ba ya gamuwa da Turanci sai ya shigo aji.

1. Me ake so yaro ya iya kafin ya fita aji uku?

Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda hukumar NERDC ta tsara, ta kasa darasin Turanci gida biyar: sauraro da magana, karatu, rubutu, nahawu, da adabi. A ƙarshen aji uku kuma ga jarrabawar BECE. Amma nauyin ya wuce nan. In aka cire Hausa da Larabci, kusan duk sauran darussa da Turanci ake rubuta littattafansu da jarrabawarsu, saboda haka yaron da bai iya karanta Turanci ba ya faɗi kimiyya tun malamin kimiyya bai buɗe baki ba. Can gaba, shiga jami'a sai da kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, a JAMB kuma shi ne darasin da ya hau kan kowa.

A aikace, ga ma'aunin da malami zai riƙe: ɗan aji uku ya karanta labari mai rabin shafi shi kaɗai, a zuci, ya amsa tambaya a kansa, ya rubuta wasiƙa mai sakin layi uku da wani zai karanta ya gane, ya yi tambaya, ya kuma ba da amsa da cikakkiyar jimla. Haddace ma'anar *noun* da *verb* ba ya cikin wannan lissafi.

2. Yara sun shekara shida a firamare, amma wasu sun zo aji ɗaya ko haɗa baƙi ba su iya ba. Daga ina zan kama?

Ka kama daga gwaji. Manufar ilimi ta ƙasa, a bugunta na 1977, ta tanadi a fara firamare da harshen gida, daga baya a koma Turanci. A makarantu da yawa komawar ba ta wuce allo ba: bayani da Hausa, rubutun allo da Turanci, yaro ya kwafa bai san abin da ya kwafa ba. Shi ya sa za ka ga littafi cike da kyakkyawan rubutu a hannun wanda ba zai iya karanta maka layi ɗaya daga ciki ba.

A makon farko ka shirya takarda ɗaya mai hawa huɗu: haruffa 10, kalmomi 10 masu sauƙi, jimloli huɗu, da ɗan labari mai layi takwas da tambaya biyu. Kira yara ɗaya-ɗaya, minti biyu kowa. Fara da jimlolin. Wanda ya iya ka hau da shi sama, wanda ya cije ka sauko da shi. Aji mai yara 80 zai ci darasi huɗu ko biyar, kuma lokacin bai tafi a banza ba. Wannan shi ne tushen tsarin koyar da yaro daidai matakinsa da ƙungiyar Pratham ta ɓullo da shi a Indiya. Daga nan ka kasa su uku: waɗanda ba sa haɗa baƙi, masu karatu ba fahimta, da masu karatu da fahimta.

Ka gwada su da karatun Hausa ma. Yaron da ke karanta Hausa sumul amma ya tsaya a Turanci, kalmomi ne ba shi da su (duba tambaya ta 8). Wanda ya kasa duka biyun shi ne na tambaya ta 3. Maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma haɗa su wuri guda ke sa a shekara ana abu ɗaya.

3. Yaya ake koya wa ɗan shekara 13 haɗa baƙi ba tare da ya ji an mai da shi ɗan firamare ba?

Minti 10 zuwa 15 kullum sun fi awa biyu a rana ɗaya. Sautin harafi ake koyarwa kafin sunansa, domin yaron da ya haddace "si, e, ti" ba zai fitar da *cat* daga cikinsu ba. Tsarin Jolly Phonics, mai sautuka 42, yana farawa da s, a, t, i, p, n, saboda daga waɗannan shida kaɗai ana samun *sat, pin, tin, nap, spin*. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan hanya: babbaƙu tukuna, sai farfaru, sannan a haɗa. In yaro bai iya karanta Hausar boko ba, fara da ita mako biyu ko uku. Rubutunta yana bin furuci, kuma da zarar ya gane haruffa na haɗuwa su ba da kalma, aikin ya yi sauƙi.

Sai dai akwai inda Hausar za ta yaudare shi, a nuna masa ɓaro-ɓaro. Harafin c a wurinmu shi ne na "ciki", don haka zai karanta *cat* kamar *chat*. Wasalin Hausa sautinsa ɗaya, gajere ko dogo, amma a ta Turanci daban take fita a *cat* da *cake* da *call*. Akwai kuma kalmomin da ba sa bin ƙa'ida, irin su *the, was, said, one, you*. A rubuta su a kati a haddace da ido, biyar a mako. Batun kunya kuwa, kada a sa wa rukunin sunan da ke nuna rauni, kuma jimlolin su dace da shekarunsu: kasuwa, ƙwallo, babur, waya.

4. Ya dace in yi Hausa a ajin Turanci?

Ya dace, in an san inda za a sa ta. Masanin nan Jim Cummins ya bambanta Turancin hira da Turancin littafi: 'ya'yan baƙi a Kanada sukan iya hira cikin kamar shekara biyu, amma kafin su kamo sa'o'insu a harshen karatu sai shekara biyar zuwa bakwai, alhali cikin masu Turancin suke zaune. To ina ga yaron Mashi ko Sandamu, wanda minti 40 na darasin Turanci su ne rabonsa na yini? Cummins ya kuma nuna cewa abin da yaro ya iya a harshensa na farko, kamar karatu da tsara tunani, yana tafiya da shi zuwa na biyu.

Hausa na da amfani wajen bayanin sabon aiki karo na farko, da ma'anar kalmar da ba a iya nunawa da hannu ko zane, kamar *although* ko *honesty*, da kwatanta ginin jimla, da lallashin yaron da ya rikice. Faɗi da Turanci, fassara sau ɗaya a taƙaice, sake faɗi da Turanci, yara su maimaita Turancin. Ɓarnar ita ce fassara kowace jimla: cikin mako guda za su gane Hausar na nan tafe, sai su daina saurare har ta iso. Umarnin yau da kullum kuwa, buɗe littafi, goge allo, juya ga na kusa da kai, da Turanci zalla daga ranar farko, a haɗa da nuni.

5. Cin tara ko bulala ga wanda aka kama yana Hausa a makaranta fa?

Shiru kawai yake haifarwa. Yaron da ba shi da kalmomin da zai faɗi abin da ke ransa, in an hana shi Hausa bakinsa zai kulle, kuma harshe ba ya koyuwa da baki a kulle. Abin da ke aiki shi ne a ware lokaci ƙayyadadde na Turanci zalla, a kuma ba yara jimlolin neman taimako manne a bango: *How do you say this in English? Please say it again. I don't understand.* A aji ɗaya a fara da minti biyar, a riƙa ƙarawa kowane zango.

6. Yaya zan raba minti 40 na darasi?

Minti 5 na farko bitar kalmomin jiya da na makon jiya, da baki, da sauri. Minti 8 gabatar da sabon abu guda ɗaya tak, cikin jimla uku ko huɗu da suka shafi rayuwar yaran. Minti 10 a yi tare: aji duka, sai layi-layi, sai ɗaya-ɗaya. Minti 12 su yi da kansu, bibbiyu ko a rubuce, kai kana zagayawa. Minti 5 na ƙarshe tambaya biyu ko uku a rubuce da za su nuna maka ko abin ya zauna.

Abin da ke cinye wannan tsari shi ne kwafar rubutun allo. Malami ya cika allo da ma'anar *adverb* da ire-irensa, yara su yi minti 25 suna kwafa, a kaɗa ƙararrawa, kowa ya tashi yana ganin an yi aiki. Abin kwafa kada ya wuce layi biyar, kuma kada a kwafi abin da ba a riga an faɗe shi da baki ba. In jadawali ya jefa Turanci tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da kwanon rufi ke ƙuna, a yi aikin baki da motsi, a bar dogon karatu ga darasin safe.

7. Ajina ya kai yara 80, uku ko huɗu a benci, wasu a ƙasa. Aikin rukuni zai yiwu?

Yi lissafi, Malam. In ka ware minti 20 don magana kana kiran yara ɗaya-ɗaya, kowane cikin 80 daƙiƙa 15 zai samu. In ka sa su bibbiyu a lokaci guda, kowa ya sami minti 10. Ba sai an ja benci ba: kowa da na kusa da shi, ko 'yan bencin gaba su juyo su fuskanci na baya, rukuni ya zama shida ko takwas. A bar rukunin yadda yake tsawon zango, da shugaba daga cikin masu ƙarfin karatu (tambaya ta 2).

Abin da ya fi wargaza shi shi ne aikin da ba a fayyace ba. In ka ce "ku tattauna", hira za su yi. Ce "tambayi abokinka abu uku da ya yi jiya, ka rubuta amsarsa", sannan ka kira yara biyu gaban aji su gwada kafin ka saki kowa. A saba musu da alamar tsayawa tun makon farko, tafi uku ko ɗaga hannu. Kada kuma ka dogara da masu ɗaga hannu, don kullum su biyar ɗin nan ne na gaba. Rubuta lambar rajistar kowa a murfin lemo, zuba a gwangwani, ka riƙa zarowa. Hayaniya za a yi ta; ka sanar da shugaban makaranta da malamin ajin da ke maƙwabtaka da kai tun da wuri cewa ta aiki ce.

8. Kalmomi nawa ya kamata su koya, kuma waɗanne?

Tun 1953 Michael West ya fitar da jerin kalmomin Turanci kusan 2,000 da aka fi amfani da su. Binciken Paul Nation da wasu ya nuna irin waɗannan 2,000 su ke cike kusan kashi 80 cikin 100 na rubutun yau da kullum, kuma mai karatu na buƙatar sanin kashi 95 zuwa 98 na kalmomin shafi kafin ya fahimta shi kaɗai. Wato in a kowane layi akwai kalma biyu da yaro bai sani ba, labarin ya fi ƙarfinsa, komai ƙoƙarinsa.

Kalma shida a darasi, darasi biyar a mako, mako goma na cikakkiyar koyarwa: 300 ke nan a zango, 900 a shekara. Shekara uku sun isa a wuce 2,000 ɗin, muddin ana bita. Kalmar da aka gani sau ɗaya ta tafi. A dawo da ita washegari, da bayan kwana uku, da bayan mako, da bayan wata. A koyar da ita cikin jimla tare da kalmomin da take tafiya da su. Mu "sha" ɗaya muke da ita, amma Bature *drink water* yake yi, *take medicine*, *eat an orange*. "Ji" kuma ta rabu zuwa *hear, feel, smell, understand*. A buɗe aji ɗaya da kalmomin da Hausa ta riga ta ara, tebur, bokiti, tikiti, asibiti, makaniki, fensir, don yaro ya ga ba hannu wofi ya zo ba.

9. A koyar da ƙa'idojin nahawu ko a bar yara su tsinta da kansu?

A koyar, amma misali kafin ƙa'ida, kuma a sa ƙarfi inda ginin Hausa ya saɓa wa na Turanci, don nan kurakuran ke taruwa. A Hausa alamar lokaci tana jikin 'yar kalmar da ke gaban aikatau: na saya, zan saya, nakan saya. Shi ya sa yaro ke rubuta *Yesterday I go* hankalinsa kwance, ya kuma yar da s ɗin *she goes*. Muna cewa shekara biyar, naira goma, sai ya rubuta *five year*. "A" guda ta ishe mu a gida, a Katsina, a ranar Juma'a, inda Turanci ke son *at home, in Katsina, on Friday*. Kowane suna a wurinmu namiji ne ko mace, don haka mota ta zama *she*. Tambaya da murya muke yin ta ko da "shin", ba mu da mai kama da *do* da *did*. "Ara mini" ita ke haifar da *borrow me*, "ina zuwa" kuma ta sa mai fita ya ce *I am coming*.

Abu ɗaya a mako ya isa. In shuɗaɗɗen lokaci ne, ɗauko labarin da suka tashi da shi: *He came to Daura. He asked an old woman for water. He went to the well. He killed the snake.* Tunda sun san Bayajidda da rijiyar Kusugu, hankalinsu zai tafi kan siffar aikatau. Ja layi ƙarƙashin kowane, su gano da kansu waɗanda suka ɗauki -ed da waɗanda suka sauya kama, sannan kowa ya ba abokinsa labarin abin da ya yi ranar Juma'a. A rubuta ƙa'idar a ƙarshe, layi biyu. Don atisaye, raba allo gida uku, mai aiki da aikatau da sauran jimla: kalma huɗu a na farko da uku-uku a sauran biyun za su ba ka jimla 36.

10. Yaya zan gyara musu p da f, da sauran matsalolin furuci?

Turancin Ingila na da sautuka 44, baƙaƙe 24 da wasula 20, alhali Hausa wasula biyar gare ta, gajeru da dogaye, da tagwaye biyu, ai da au. Ba duka za a gyara ba; a tsaya kan waɗanda ke canza ma'ana. A Hausa p da f ba sa raba kalma da kalma, a Katsinanci ma f ɗin kan koma hw, kamar "hwari". Nuna musu baki: p leɓɓa biyu ne a rufe, a saki iska lokaci ɗaya, har 'yar takardar da aka riƙe gaban baki ta yi tsalle. F haƙoran sama ne kan leɓen ƙasa, kuma ana iya jan ta. V haka take, sai dai da murya. Su sa yatsa a maƙogwaro su ji rawar. Th kan harshe ne tsakanin haƙora, in ba haka ba *think* ya zama *sink*. Kunne ake fara horarwa: rubuta *pan* da *fan*, *ban* da *van*, *ship* da *sheep*, ka faɗi ɗaya, su ɗaga yatsa ɗaya ko biyu. Minti biyar, sau uku a mako.

Hausa ba ta jera baƙi biyu a farkon gaɓa, shi ya sa *bread* ya zama burodi, *school* ke fita "sukul". A fara da *cool*, a ja s a gabanta, sannan a gajarta. Baƙaƙen ƙarshen kalma su ma a kula da su, don a *asked* da *books* nan alamar lokaci da ta jam'i take (tambaya ta 9). Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, ta yi suna wajen horar da furucin Turanci, kuma ɗalibanta masu jin Hausa ne kamar namu.

11. Suna karantawa da murya rangaɗau, amma ba sa amsa tambayoyin auna fahimta. Me ya sa?

Yaranmu sun ƙware a hadda da bin murya, don haka karatun "ku maimaita bayana" yana rufe rauni. Wasu kuma sun koyi dabarar neman jimlar da ke da kalmomin tambaya su kwafe ta ɗungurungum. Kafin karatu a yi minti uku ana zancen batun, ko da Hausa ne, a koyar da kalmomi biyar ko shida da labarin ya rataya a kansu, a rubuta tambaya ɗaya mai sauƙi a allo. Su karanta a zuci cikin minti huɗu su amsa ta, su sake karantawa don ƙananan tambayoyi, sannan malami ya karanta da murya. A riƙa tambayoyin da amsarsu ba ta kwafuwa: me ya sa, me zai biyo baya, ko jimlar ƙarya da za su gyara. Gwaji mafi sauri shi ne yaro ya rufe littafi ya ba da labarin da Hausa.

'Yan aji uku a koya musu kalmomin umarnin jarrabawa su kansu, irin su *underline, nearest in meaning, opposite in meaning*. Ana rasa maki a BECE don rashin gane abin da aka tambaya.

12. Ta yaya zan kai su ga rubuta insha'i?

Hawa-hawa: aji ɗaya jimla, aji biyu sakin layi, aji uku wasiƙa da cikakken insha'i. Kowane rubutu ya fara da baki. Zaɓi abin da suka gani da idonsu, hawan Sallah, ranar kasuwar Mai'adua, girbin gero, yadda ake dama fura. Su faɗo kalmomi ka rubuta a gefen allo, ku gina sakin layi ɗaya tare, ka goge aikatau su cike, ka goge rabin kowace jimla su cike, sannan ka goge duka kowa ya rubuta nasa. Insha'in da aka ba yara su haddace yana rushewa ne da zarar jarrabawa ta sauya kan magana.

A wasiƙa tsari na da maki: ta ofis adireshi biyu, da kan magana, da *Yours faithfully*, da sa hannu da cikakken suna, ta zumunci adireshi ɗaya da sunan farko kaɗai. Shifta mai jimla uku, sau biyu a mako, tana gyara haɗa baƙi da babban harafi da aya a lokaci guda.

13. Ina da azuzuwa uku, littafi 240. Yaya zan duba su duka?

Ba za ka iya kowane mako ba, kuma jan biro a kan kowane kuskure kashe gwiwa yake. Karɓi 20 daga kowane aji a mako, cikin wata ka zagaye kowa. Duba abin da aka koyar a makon kaɗai, ja layi ƙarƙashin kuskuren, yaro ya gyara da kansa. Shifta su musanya littafi su duba wa juna daga allo. Tara kurakurai biyar da suka fi yawa, rubuta su a allo ba suna, aji ya gyara. A magana kuwa, gyara nan take lokacin atisaye, amma in yaro na ba da labari bar shi ya kai ƙarshe.

14. Ba mu da isassun littattafai, ba wuta. Da me zan yi aiki?

Rubuta naka labaran, kalma 80 zuwa 120, daga kalmomin da ka riga ka koyar, a bayan tsohuwar kalanda da babban rubutu. Ana ratayawa a cire, kuma zai shekara. Kwalin taliya ya zama katin kalmomi. Rubutun jikin kwalin magani da ledar omo da allon talla duk abin karatu ne. Shafukan African Storybook da StoryWeaver suna da gajerun labarai kyauta da Turanci da Hausa, hawa-hawa; a buga guda 20, a sa a akwati, rukunai su riƙa musanyawa. Wannan buƙata ce ƙarama da za a iya kai wa kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) ko ƙungiyar iyaye da malamai. Waya da 'yar ƙaramar sifika sun isa aikin sauraro.

15. Ina da ɗalibai, musamman 'yan mata, da ba sa buɗe baki ko kaɗan. Me zan yi?

Malama, kada ki fara da tsayar da yarinya gaban aji. Yi tambayar, ki ƙirga biyar a zuci, kowa ta faɗa wa ta kusa da ita, sannan ki zaro lamba (tambaya ta 7). Wadda aka kira ta riga ta furta amsar sau ɗaya. A aji mai haɗe, mata da mata, maza da maza. Dokar hana dariya ga mai kuskure ki riƙe ta da gaske, don dariya ɗaya na iya rufe bakin yarinya zango guda. Ɗan wasan kwaikwayo na mai shago da mai saye, ko likita da mara lafiya, yana sakin baki sosai. Ki kuma lura da wadda ba ta ganin allo ko ba ta ji daga baya, ki dawo da ita gaba.

16. Ni kaina Turancina bai yi ƙarfi ba, an dai ba ni darasin. Ina mafita?

Shiri. Karanta labarin gobe yau da murya, duba furucin kowace baƙuwar kalma a ƙamus na waya mai sauti, rubuta tambayoyinka da umarninka a takarda kafin ka shiga aji. In an tambaye ka kalmar da ba ka sani ba, ku duba ƙamus tare a gabansu. Ƙirƙiro amsa shi ne ke cutarwa. BBC Learning English da shafin TeachingEnglish na British Council kyauta ne, minti 15 a rana. Malaman Turancin makaranta ku zauna rabin awa a mako ku shirya darasi tare. Don ƙaro karatu ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Katsina, da ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da karatun nesa na Cibiyar Malamai ta Ƙasa (NTI) mai hedkwata a Kaduna.

17. Ni uba ne, ban yi boko ba. Da me zan taimaki yarona?

Kullum, bayan ya dawo Islamiyya, ka sa shi ya karanta maka abin da aka yi musu a aji na minti goma, sannan ya faɗa maka ma'anarsa da Hausa. In ya kasa faɗa, bai gane ba, sai ka sanar da malaminsa. Duba littafinsa ka ga ko akwai kwanan wata na kowace rana da hannun malami. Littafin Hausa da zai karanta a gida shi ma ƙarfafa masa Turancin yake (tambaya ta 4). Fashi ranar kasuwa ko lokacin noma yana yanke bitar da aka yi bayani a tambaya ta 8, don haka aiken da zai iya jira a bar shi sai an tashi makaranta. In za ka biya kuɗin lesin, ka roƙi malamin ya gwada yaron da takardar tambaya ta 2 a ranar farko, ya sake gwada shi bayan wata uku a gabanka.